Hular Jidda Mai Jan Baki

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu lafiya bayan mun ga tashin hankali.

Sunana Hauwa'u, amma a unguwarmu nan Suleja in kika ce Hauwa'u ba wanda zai nuna miki gidana, sai kin ce Iya Kulu mai mazari. Ban yi boko ba. Jikata Ramlatu ce ke riƙe da biro ina faɗa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana, kada ta rage inda ban yi kyau ba. 'Yarta ce ta yi ciwon, ni da ita muka yi jinyar. Sunana aka sa wa yarinyar, ana kiranta Jidda. Yanzu haka tana kan tabarma tana ƙoƙarin cin babban yatsan ƙafarta, lafiya lau. Na fara da wannan ne don kada hankalin wata ya tashi. Yadda abin ya faru nake so a ji.

Ni ba don sayarwa nake kaɗi ba. 'Ya'yana sun ɗauke mini ci da sha tun tuni, hannuna ne kawai ba ya son zama. Ina 'yar shekara bakwai Innata ta damƙa mini mazari, kuma har yau in aka kawo mini auduga daga ƙauye ni ke gurzar abata, in shiɓe, in kaɗa, zare ya fito sumul babu ƙulli. Sa'o'ina da ke yi duk sun rasu ko ido ya hana su. Ni ko gilashi ban fara sawa ba. Saƙa da allura biyu kuwa da girmana na koya, a wurin ƙawata Mama Saratu, mutuniyar Diko, wadda ta yi koyarwa har ta yi ritaya ta zauna a bayan layinmu. Ta koya mini hula da safa da rigar sanyi, na koya mata kaɗi. Ita har yau zarenta kamar hanjin kaza yake, nan kauri nan siriri, ni kuwa cikin wata uku na wuce ta a saƙa. Ba gulma ba ce, a gabanta ma ina faɗa.

To akwai abin da muka gada a gidanmu. Dangin Innata marina ne. Duk jaririn da aka haifa, ranar suna da kayan rinin baba ake naɗe shi, sabo fil daga rini, ba a wanke ba. Shuɗin ya hau goshinsa da wuyansa, tsofaffi su ce madalla, rini ya kama, fata za ta yi laushi. A wurinmu wanke sabon rini kafin a sa ɓarna ce, kamar a zubar da romo a miƙa wa baƙo ƙashi. Haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yana takwas da jikokin da suka biyo baya, kuma ba wanda ko ƙurji ɗaya ya fito masa.

Tsohon da ke kawo mini curin baba daga wani ƙauye bayan Gauraka ya rasu shekarar da ta wuce waccan, 'ya'yansa duk sun koma haya da babur. Da cikin Ramlatu ya tsufa, sai na shiga kasuwa na sayo galura, garin rinin nan na kanti da ake ƙullawa a leda, tare da sodar da ake zuba masa. Ba zan ɓoye ba, abin ya ba ni sha'awa. Baba sai kin yi kwana bakwai kina lallashinsa, kina juyawa kina sansanawa, wani lokacin ma ya ƙi. Wannan kuwa ruwan zafi ne da cokali biyu, kafin a kira la'asar zare ya yi ja wur. A rayuwata ban taɓa rina ja irin wannan ba. Na gwada kore, na gwada ruwan ƙwai, na shanya su a igiya na ja kujera na zauna ina kallo, har tuwona ya kama.

Mama Saratu ta shigo ta tarar ina naɗe zaren daga igiya. Ta tambaya ko na ɗauraye. Na ce a'a. Ta ce ai mai shagon galurar tana gaya wa mutane a yi ta ɗaurayewa sai ruwan ya fito fari. Na ce mai shago jiya aka haife ta.

Na ce mata, "Saratu, da kika koya mini allura ban yi miki musu ba. Rini kuwa a cikinsa aka yanke mini cibi."

Ta yi dariya ta ce to, ta bar maganar.

Hula uku na saƙa da safa ƙafa uku, duk iri ɗaya. Jikinsu fari, auduga yadda Allah ya halicce ta. Bakinsu kuwa ja, faɗin yatsa biyu, da saƙar nan mai matsewa, biyu sama biyu ƙasa, don ta kama goshi da idon sawu.

Haihuwar fari ce, kuma ni na riƙe Ramlatu tun rasuwar uwarta, don haka gidana ta zo wanka. Mijinta Nasiru a Abuja yake aiki, kullum ya bi motar safe ya dawo bayan magariba ya leƙo mu. An haifi Jidda a tsakiyar damina, lokacin marka, a yi kwana uku ba a ga rana ba. Ranar suna na sa mata hula da safa. Mata suka yi ta karɓarta hannu hannu, wata har ta tambaya ko daga Makka aka kawo hular. Da yamma da aka cire, ja ya ɗan hau goshinta. Na kira Ramlatu na nuna mata, na ce kin gani, ya kama.

A sati na biyu ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero suka fito mata a goshi, suka bi ta bayan kunne suka haɗu a ƙeya. Na ce ƙurajen zafi ne, kowane jariri yana yi, na shafa man kaɗanya. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta leƙo ta ce a wurinsu ela ake kiransa, ta kawo wani jiƙo a kwalba. Wata ta ce a dafa ganyen dogon yaro a yi mata wanka. Ganyen mun yi, jiƙon na ajiye a bayan randa. Kowa da maganinsa, amma duk sun haɗu a magana ɗaya: a rufe yarinya, kada sanyin damina ya shiga ƙurajen. Sai a ƙara jan hular ƙasa. Ni da hannuna nake ja.

Sati na uku suka fito a idon sawu biyu. Na goshin suka fashe suka zama ruwa-ruwa. Yarinya ta yi ta goga kai a kafaɗar uwarta, ta kama nono ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa ta sake saki. Nasiru ya sayo farin ruwan shafawa a kemis. Ya lafa kwana biyu ya dawo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wuraren da ciwon bai taɓa ba. Wuyanta, hammatarta, matsematsinta, duk inda zafi ya saba cin jarirai, sumul. Tsakiyar kanta sumul. Yaran da na yi wa wanka a rayuwata sun fi talatin, ban taɓa ganin ƙurji mai zaɓen wuri haka ba. In ina mata wanka sai in tsaya ina juya ta ina dubawa, har ruwa ya huce Ramlatu ta ce Kaka, sanyi fa. Kuma tun ranar rinin nan hannuwana suke saɓa, tsakanin yatsuna yana tsagewa. Na ɗora wa ruwan zafin jego da nake dafawa safe da yamma, ban ƙara tunani a kai ba.

A sati na huɗu mugunya ta taru, jiki ya ɗauki zafi kamar an sauke tukunya. Muka hau keke mai ƙafa uku da sassafe muka nufi asibiti.

Asibitin nan ina da godiya ina da ƙorafi, zan faɗi duka biyun. Mun tarar da layi ya fito har bakin baranda. Mai ba da kati ya tafi karin kumallo, ya bar taga a buɗe da kujera, mutane suna ta gaida kujera. Benci ya cika, na zauna a kan dakali, ruwan indararo yana fantsamo mini. Banɗaki babu ruwa, alhali sama tana zubar da shi kyauta. Kowace takarda aka miƙo sai an je wata taga an biya an dawo. Amma akwai wata nas mai jiki, muryarta kamar ta mai tallan kifi, da ke bin layi tana taɓa wuyan yara ɗaya bayan ɗaya. Tana taɓa Jidda ta ce mu tashi mu biyo ta, ta tsallakar da mu mutum fiye da ashirin. Allah ya saka mata. Sai dai kafin mu shiga ta cire hular da safar ta miƙo mini, ta ce yarinya tana zazzaɓi mun naɗe ta kamar huhun goro. Raina ya ɓaci, na cusa su a jaka. Haka Jidda ta shiga wurin likita kai babu komai.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Ramlatu ba, Hausarta irin ta mutanen kudu. Amma tana da natsuwa. Ta tambayi sabulun wanka, ta tambayi mai, hoda, turaren wuta, abin da uwar ke ci. Ta zo kan tufafi, Ramlatu ta ambaci hula. Kafin ta rufe baki na karɓe. Na ce auduga ce zalla, ni na kaɗa ni na saƙa, ba irin ulun robar nan na kasuwa ba. Likita ta ce auduga ba ta da laifi, ta wuce gaba. Ba ta tambaye ni rini ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba. Hular tana cikin jakata a kan cinyata.

Aka ba mu gado kwana uku. Allurar da aka rubuta babu ita a ɗakin maganinsu, sai da Nasiru ya zaga kemis uku. An sha wuya kafin a sami jijiya a ɗan hannun nan, Ramlatu ta juya baya, ni na riƙe. Ita a gado da yarinya, ni a tabarma a ƙasa. Uwar Nasiru, Hajiya Binta, da ke da gidan abinci a bakin titin Gauraka, kullum sai ta zo da kula biyu, har matan gadon kusa suna ci. A ɗakin nan nas mai muryar kifi ta hana kowa sa wa yaro hula. Rana ta uku zazzaɓi ya sauka, ƙuraje suka yi ɓawo suka bushe.

Da za a sallame mu likita ta ce zazzaɓin datti ne ya shiga ƙurajen da suka fashe, wannan an kashe shi, amma abin da ya fara kawo ƙurajen ba ta gano ba. Sai ta juyo gare ni.

"Mama, ke kike wankanta. Ki duba mini inda ƙurajen suka tsaya. Ciwon da ya tsaya a layi, wani abu ne yake taɓa wurin."

Maganar ta zauna mini, amma na kai ta inda ba nan ba. Na zargi ledar katifa, na cire. Na zargi sarƙar wuyan Ramlatu, na sa ta tuɓe. Na zargi zanen goyo. Ranar da muka iso gida kuwa aka sako ruwa da iska, sai na buɗe akwati na ɗauko hula ta biyu, sabuwa dal, don a tunanina ta farko mugunya ta ɓata ta. Kwana biyu ciwon ya dawo, ya fi na da fushi.

Ranar Talata ta sati na biyar Hajiya Binta ta zo. Ba muguwar mace ba ce, wanda ya ci abincinta a asibiti zai shaida. Jikarta ta fari take gani tana ƙarewa. Ta ce allura ce ta danne ciwon ya kwanta, amma tushensa a ciki yake, nonon Ramlatu ne ba shi da kyau. A danginsu akwai gwaji. Ta sa Ramlatu ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa a gindin bango ta jefa. Muka zuba ido. Tururuwa ta yi ta wutsil-wutsil, ta tsaya. Na ce Hajiya, ai ko a kunu kika jefa ta mutuwa za ta yi. Ta ce Iya, ke ma da gadonki, ban taɓa raina miki ba. Ta yanke cewa a cire yarinya daga nono. Ranar Juma'a za ta zo ta tafi da ita Gauraka a ba ta madarar gwangwani, don in an bar su ɗaki ɗaya uwar ba za ta iya hana ta ba. Nasiru yana tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ramlatu ta tashi ta shiga ɗaki, gaban rigarta duk ya jiƙe.

Laraba da hantsi rana ta leƙo. Na fito da bahon wanka tsakar gida inda haske yake, na cire hular na ɗora a gwiwata, na ce yau sai na ga inda abin nan ya tsaya. Daga sama ya tsaya cak, kamar an ja layi. Daga ƙasa ma haka. Na ɗora yatsuna biyu a goshin, suka rufe shi daidai. Na kai idon sawu, yatsa biyu. Na matso da ita kusa da idona. A jikin jan akwai 'yan layuka a tsaye, biyu sun yi duhu, biyu sun yi haske, biyu duhu, biyu haske, har suka zagaye kan.

Ko a kasuwa aka baza huluna ɗari zan nuna tawa. Saƙata ce a goshin yarinyar nan.

Zuciyata ta tsaya musu, tana ce mini yara talatin fa, Kulu, me ya sa sai wannan? Na ce to a gwada, tunda gwaji ake yi a gidan. Na ce wa Ramlatu hulunan da safunan suna son wanki, na ɗaura wa Jidda farin ƙyalle. Na shiga ɗaki na yanko zare uku: fari, da jan galura, da wani tsohon zaren baba da ya rage a ƙasan akwatina. Na jiƙa su na ɗaura a damtsena na hagu, inda fata ke da laushi, na bar faɗin yatsa tsakaninsu, na saki hannun riga. Na koma bakin murhu ina dafa ruwan jego ina gumi.

Kafin la'asar wurin jan ya fara ƙaiƙayi. Na daure ban sosa ba. Alhamis da azahar na ɗaga riga. Ƙarƙashin farin babu komai. Ƙarƙashin baban fata ta yi shuɗi, lafiya lau, ko ɗigo. Ƙarƙashin jan kuwa awarwaro ne na ƙuraje, ruwa-ruwa, irin na Jidda sak.

Ku ji halin ɗan Adam. Abu na farko da na ji daɗi ne, don Innata ba ta yi ƙarya ba, baba ba ya cin fata. Ni ce na ɗauko baƙo daga kanti na ba shi matsayin baba, na yi masa ladabin da ba nasa ba. Sai bayan nan na tuna da goshin Jidda.

Na yafa mayafi na tafi gidan Mama Saratu na nuna mata. Ba ta tuna mini maganarta ba, shi ya sa har yau muke tare. Ta ɗauko farin kwano ta zuba ruwa ta tsoma ragowar jan zaren da na tafi da ita. Ruwan ya rine nan take. Ta ce in sa yatsa in murza. Santsi, kamar karkashi. Ta ce sodar ce ba ta fita ba, ita ke cin hannuna, balle fatar ɗan kwana bakwai. Muka canja ruwa sau bakwai yana fita. Ni har na shagala ina ƙirgawa, ina son ganin a na nawa zai daina. Sai ta tambaye ni ko Ramlatu ta sani. Na ce tukuna.

Ta ce, "To me kike yi a gidana, Kulu?"

Na koma gida. Na tarar da Ramlatu tana ninke kayan yarinyar tana sawa a jaka, don gobe. Na tsaya a bakin ƙofa, bakina ya ƙi buɗewa. Ga ni da shekara saba'in da wani abu, ana zuwa tambayata yadda ake renon jariri. Na ce mata ruwa ya yi zafi, ta zo ta yi wanka. Haka na bar yarinyar nan ta ƙara kwana tana ganin nononta guba ne. Wannan shi ne wurin da na ce kada ta rage.

Juma'a da hantsi Hajiya Binta ta iso da gwangwanin madara da bulumboti da sabon zanen goyo, Nasiru yana biye da ita. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ce kowa ya zauna, a fito da Jidda. Na naɗe hannun rigata har kafaɗa.

Na ce, "Hajiya, kin yi gwajinki, ni ma na yi nawa. Ni dai ban sha nonon Ramlatu ba. Dubi hannuna."

Na nuna musu zare uku da abin da kowanne ya bari. Na ɗauko hular na kara ta kusa da goshin yarinyar ba tare da ta taɓa ba, jan baki da jan ciwo suka yi daidai. Na faɗi komai, da galura, da maganar Saratu, da abin da na ce wa likita.

Hajiya Binta ta ciro gilashinta daga jaka ta sa, ta kama damtsena tana juyawa kamar mai zaɓen doya. Ta duba goshin Jidda ta dawo ta duba hannuna. Ta ce a kawo mata ruwa a farin kwano ita ma ta gani. Aka kawo, ta tsoma hular, ta murza ruwan a yatsunta, ta sansana. Ta ɗago ta dube ni.

"Iya, ashe ke ce."

"Ni ce."

Ramlatu, wadda tun haihuwar nan kunya ba ta bari ta ɗauki 'yar fari a gaban surukarta, ta miƙa hannu ta karɓe ta daga cinyar Nasiru, ta ɗaga riga a nan kan tabarma ta ba ta nono. Hajiya Binta ta mayar da gwangwanin cikin leda ta ƙulle bakin.

Kwana biyu Ramlatu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. A na uku ta zo da maganin shafawar yarinyar ta zauna kusa da ni ta ce in kawo hannu. Tana shafawa ta tambaye ni yaushe na sani. Na ce Laraba na zarga, Alhamis na tabbatar.

Ta ce, "Kaka, da kin gaya mini Alhamis."

Na bar mata hannun har ta gama shafawa.

Ranar Litinin muka koma asibiti da hular a leda. Layin yana nan yadda muka bar shi, mai kati ma bai canja hali ba. Likita ta ga hannuna ta kira nas biyu su zo su gani, ta nemi izini ta ɗauki hotonsa da waya. Ta yi ta tambayata yadda na ɗaura zaren, awa nawa, a jiƙe ko a bushe, ni kuma na yi ta ba ta amsa, don gaskiya aikin ya yi tsari. Ta ce laifinta ne da ba ta tambayi rini ba. Na ce a'a 'yata, ni na toshe miki hanya. Ta rubuta mai guda ɗaya, ta ce kada komai mai launi ya taɓa wurin. Kwana goma ɓawo ya zube, sabuwar fata ta fito. Akwai ɗan siririn duhu da ya rage a gindin gashi, ta ce zai baje, kuma yana bajewa.

Don haka matan da ke rini a gida, yanzu na ga 'yan mata ma sun shiga yi, ku ji daga bakin wadda ta fi ku daɗewa a ciki. Galura ba baba ba ce. A ɗauraye sai ruwa ya fito fari, in ya fito fari a ƙara. In kun je gaban likita ku faɗi har abin da ba a tambaye ku ba, ku tafi da kayan da yaron ke sawa a hannu. Kuma a bar tururuwa ta yi harkarta a gindin bango.

Ni ban daina rini ba. Ni da Saratu yanzu muna gwada karan dafi da gangamau da ɓawon albasa, kuma na aika ƙauye a nemo mini wanda har yanzu ke cura baba. Amma kowane zare sai ya kwana biyu a damtsena kafin ya hau allura. In kika gan ni da zaruruwa a hannu kamar mai tallan awarwaro, aiki nake.

Ba mu yi arba'in a kan lokaci ba, sai da yarinya ta warke sarai. Ranar da Ramlatu za ta koma ɗakinta, Hajiya Binta ta zo tafiya da su. Na fito da sabuwar hula, fara tas, daga sama har baki, na wanke ta sau uku na shanya a rana. Ban sa wa Jidda da kaina ba, na miƙa wa kakarta. Ta karɓa ta juya ciki ta juya waje. Ta tsoma gefen farin mayafinta a buta, ta goga a bakin hular da ƙarfi, ta ɗaga mayafin sama ta duba a rana. Ni ina tsaye a gidana, a gaban maƙwabta, ana gwada aikina. Amma ta yi daidai.

Babu abin da ya fito. Ta sa wa Jidda hular ta gyara mata kunnuwa, ta goya ta. Har ta kai zaure ta juyo.

"Iya, ƙanwar Nasiru watan gobe za ta haihu. Ki saƙa mata irin wannan."

Na tambaye ta wane launi take so a baki.

Ta ce, "Fari."